Tambaya da Amsa: Tsohuwar Mota Mai Ɗaki, Daga Ina Ake Fara Gyara?

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duk sun shafi motocin nan da ake kwana a cikinsu, masu gado da murhu da tankin ruwa, waɗanda ba su da yawa a ƙasar Katsina amma ba a rasa su a bayan wasu tsofaffin gidaje. An taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Injiniya. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Volkswagen Kombi ƙirar 1974, mai rufin da ake ɗagawa, da gado da ɗan kabad a ciki. Ya saye ta ne a hannun wasu Turawa da suka ratso hamada suka shigo ta Kongolam. Ta fi shekara goma a ajiye ƙarƙashin darbejiya a bayan gidanmu ba a tayar da ita ba. Wani mai fenti ya ce in kawo ta ya mayar da ita sabuwa, wani bakanike kuma ya ce a cire injinta a sa na Golf. Burina shi ne in riƙa kai iyali Katsina da Kano a cikinta. Daga ina zan fara? Daga mai karatu a Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kyautata makwancinsa. Kafin a ɗora sifana a kan ko da noti ɗaya, ka tabbatar an yi wa motar kuɗi a cikin gado kuma sauran magada sun amince cewa ta zama taka, domin abin da za ka kashe mata zai iya wuce farashinta na yau, kuma motar da babu mai kallonta tana ƙarƙashin bishiya takan sami masoya da yawa ranar da ta fito tana sheƙi.

Labarin Turawan ya yi daidai da abin da aka sani. A shekarun 1970 da 1980 matasan Turai sun riƙa ratso Sahara da mota daga Aljeriya, su bi ta Tamanrasset su faɗo Arlit da Agadas, da yawansu kuma su sayar da motar a Nijar ko a nan Arewa su koma gida a jirgi, har rikicin Aljeriya da tawayen Abzinawa suka tsayar da wannan zirga-zirga a farkon shekarun 1990. Taka tana cikin zubi na biyu na Kombi, wanda aka ƙera a Jamus daga 1967 zuwa 1979, kuma idan kayan ɗakin na asali ne, mai yiwuwa aikin kamfanin Westfalia ne, wanda ya shahara da mayar da waɗannan motoci wurin kwana.

Mai fenti kuwa ka ba shi haƙuri, shi ne na ƙarshe a layi. Abin da ya fi faruwa a garejojinmu shi ne a fara da fenti da sabbin kujeru, kuɗi su ƙare, sannan a gano cewa sai an sauke inji an yi walda a ƙarƙashi, wutar walda kuma ta ƙone fentin da aka riga aka biya. A fara da inji da hanyar fetur, a bi da birki da taya, sai tsatsa da wayoyin wuta, kayan ɗaki da fenti su biyo baya idan aljihu ya huta.

Kada ka yarda a kawo batir a murɗa makulli don a ji ko za ta tashi. Injin da ya shekara goma a tsaye ya bushe ta ciki, ringin fistin na iya maƙalewa a jikin silinda, fetur ɗin da ya rage a tanki kuma ya riga ya zama danƙo mai wari wanda zai toshe kafireta da zarar an zuƙo shi. A kwance filogi huɗun, a ɗiga baƙin mai kamar cokali ɗaya a kowane rami, a bar shi ya kwana biyu, sannan a kama notin fuli da sifana a juya injin da hannu a hankali. Idan ya zagaya bai cije ba, an tsallake babbar matsala. Daga nan ka kama fulin ƙasa da hannu biyu ka ja shi gaba da baya. Idan ka ji yana ƙwanƙwasawa har idonka na ganin motsin, to injin yana bukatar a buɗe shi gaba ɗaya, kuma gara ka san haka tun kafin ka sayi labule.

Idan injinka mai lamba 1600 ne, wanda ya fi yawa, yana cin baƙin mai lita biyu da rabi kacal, kuma ba shi da filtar mai irin ta motocin yanzu, sai wata rariya ta ƙarfe da ke ƙarƙashi a bayan faranti mai noti shida, wadda ake wankewa duk lokacin da aka juye mai. Kamfanin ya ce a canza mai a kowane kilomita 5,000, amma a ƙurar hunturunmu ni ba zan wuce 3,000 ba, kuma mai kauri irin 20W-50 ya fi dacewa da zafin nan. Ana saita bawul a kan milimita 0.15 lokacin da inji ya huce sarai, wato da safe kafin a tayar da shi, tazarar kwantak kuma milimita 0.4 ce. Idan ka tarar da babban injin nan shimfiɗaɗɗe mai lamba 1700 zuwa 2000, wanda aka fara sa wa wasu Kombi daga ƙirar 1972, shi yana da filta kuma yana cin lita uku da rabi. Ko wanne ne, bayan an zuba sabon mai a murɗa injin filogi na waje har fitilar mai ta mutu, sannan a mayar da su a ba shi wuta.

Abin da ke kashe waɗannan injina a ƙasarmu zafi ne, kuma galibi hannun mutum ne sila. Injin ba shi da lagireto, ba ya shan ruwa. Fanka ce ke zuƙo iska ta ramukan da ke bayan tagogin baya, ta tura ta cikin kwanukan baƙin ƙarfe da suka lulluɓe silindoji, iskar ta ɗebi zafi ta fice ta ƙasa. Saboda haka kowane ɗan gwangwanin da ke jikin injin yana da aikinsa, haka ma robar da ta zagaye shi ta raba ɗakin inji da ƙarƙashin mota. Bakaniken da bai saba da ita ba yakan cire waɗannan ya jefar, wai don inji ya sha iska, alhali da zarar an cire su fanka za ta riƙa zuƙo iskar nan mai zafi da ta taso daga salansa ta mayar wa injin. A watan Afrilu, lokacin da zafin Daura ke haura digiri 40, tafiya daga gida zuwa Mashi ma na iya isa bawul ya ƙone. Tun da motar ta daɗe a ƙarƙashin bishiya, a sauke injin a cire kwanukan a leƙa tsakanin zara-zaran ƙarfen silinda. Kusan tabbas za ka tarar zanzaro ya yi ginin laka ya bushe a ciki, ɓera ya tara tsummoki a gidan fanka, busasshen ganyen darbejiya kuma ya manne da tsohon mai ya toshe hanyar iska. Duk a kankare su. Idan manyan tiyon nan biyu da ke ɗaukar iska daga gidan fanka zuwa na'urar ɗumama ciki sun ɓace, a mayar da su ko a toshe bakinsu, domin ta nan iskar da ya kamata ta sanyaya inji take tserewa.

A injin 1600, fanbel ɗaya ne ke juya janareta da fanka tare. Ma'anar wannan ita ce idan fitilar caji ta kama kana cikin tafiya, ba maganar batir ba ce kawai, ka sauka gefen titi nan take ka duba, domin idan fanbel ne ya tsinke mintuna kaɗan suka rage wa injin. Kada ka fita gari ba tare da wani fanbel a ajiye ba.

Haɗari na biyu gobara ce. Tankin fetur yana gaban injin kuma yana bisa da shi, don haka idan tsohon tiyo ya tsage, fetur zai ci gaba da zubowa da kansa a kan inji mai zafi ko da an kashe mota. A canza kowane tiyon fetur daga tanki har kafireta, a ɗaure bakunansu da zoben ƙarfe maimakon waya ko tsinken roba, a wanke tankin, a kuma ajiye tukunyar kashe gobara kusa da direba.

Birki ba ya bukatar dogon bayani. Man birki yana shan danshi, ya ci bututu ta ciki, robobi kuma rana ta gama da su. A sabunta su duka, a riƙa juye man duk shekara biyu. Ta fuskar tsatsa ka yi sa'a, domin busasshiyar iskar Daura ta fi ta Legas tausayin ƙarfe, amma ka duba ƙarƙashin mazaunin batir, da gindin gilashin gaba, da matakalar ƙofofi, da wuraren da ake kafa jak.

Game da injin Golf, ban goyi baya ba. Zai bukaci lagireto da dogayen bututun ruwa da yankan jiki, kuma lagireton da aka rataya a baya ba ya samun iskar kirki. Da kamfanin kansa ya koma injin ruwa a Brazil, a goshin motar ya kafa lagireton. Kayan gyaran injin asali ba su ɓace ba, tun da Brazil ta ci gaba da ƙera Kombi har 2013, Meziko kuma ta yi ƙaramar Beetle mai irin wannan inji har 2003, kuma an fara harhaɗa Volkswagen a Legas a 1975, shi ya sa har yanzu akwai dattawan bakanikai da suka koyi aiki a kanta. Ka nemi ɗaya daga cikinsu, ka leƙa Kofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, abin da ya gagara a aika kasuwar Ladipo a Legas. Sai dai ka sani ƙarfin injin 1600 bai wuce doki 50 ba. Da iyali da kaya a ciki, ka tsaya a kilomita 80 a awa, ka bar masu Sharon su wuce.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na sayi Peugeot J5 mai ɗaki a baya, irin wanda ya ɗago har bisa kan direba. Da damina ta kankama sai na ga bangon kusa da taga ya yi baƙi, yana lotsawa idan an danna, ciki kuma yana warin rima. Wani ya ce in shafa kwalta a rufin. Daga wani ɗan kasuwa, Kofar Kaura, Katsina.

AMSA: Alhaji, kada ka shafa kwalta. Rana za ta narkar da ita a bazara, ta tsattsage da sanyin hunturu, ta ɓoye maka ramin ba tare da ta toshe shi ba, kuma duk gam ɗin kirki da za a sa daga baya ba zai kama a kanta ba. Irin wannan ɗaki ba da ƙarfe aka gina shi ba. Firam ɗin katako ne marar nauyi, an lulluɓe shi da siririn kwanon alminiyam ta waje da falange ta ciki, da soso mai hana zafi a tsakani. Ruwa yana shiga ne ta mahaɗar rufi da bango, da kewayen tagogi, da murfin shan iska na sama, da ramin kowane sukuru da gam ɗinsa ya bushe, sannan ya gangara a ɓoye, shi ya sa inda ka ga baƙin ba lallai ne nan ruwan ya shigo ba. Sau da yawa ramin yana can sama da nisa.

Ka samu yaro ya tsaya a waje da tiyon ruwa, ya fara jiƙa bangon daga ƙasa yana hawa a hankali, kai kuma kana ciki da tocila bayan ka cire falangen da ya lalace. Inda ɗigo ya fara bayyana, nan ne. Duk katakon da tsinin sukudireba ya nutse a cikinsa a yanke shi har inda aka isa lafiyayye, kafinta ya sa busasshe mai kauri ɗaya da na da, kuma ka hana shi sa katako mai nauyi don neman ƙarko, domin nauyi a sama yana sa mota tangaɗi a kwana. Tagar kuma a cire ta ɗungurungum, a kankare tsohon gam, a shimfiɗa sabon gam na jikin mota mai zama da laushi bayan ya bushe, a mayar da ita. Silikon ɗin banɗaki ba ya daɗewa a kan alminiyam da ke miƙewa yana tsukewa kullum.

Akwai abin da masu ƙera motar a Turai ba su yi lissafinsa ba, wato gara. Katako mai danshi abincinta ne, kuma motar da ke tsaye a kan turɓaya wata da watanni tana ba ta hanya ta jikin taya ko ciyawar da ta taɓo ƙarƙashi. Idan ka ga siririyar hanyar laka a jikin shasi, ka bi ta har ƙarshe. A shafa wa sabon katako maganin gara kafin a rufe, a bar ƙofofi a buɗe har warin ya fita, motar kuma ta riƙa kwana a kan siminti ƙarƙashin rumfa. Wannan aiki na watan Nuwamba zuwa Maris ne, lokacin da komai ke bushewa da wuri. A yanzu dai ka rufa mata tamfol, ka ɗaga gefensa don iska ta ratsa. Ta fuskar inji hankalinka ya kwanta, musamman idan na fetur ne mai lita biyu, domin dangin na 504 ne da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, kuma babu garejin da ba a san shi ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, maigidana ya gyara tasa motar, amma firjin da ke ciki ba ya sanyi, kuma ba ya ƙara ko kaɗan. An ce da gas yake aiki. Ina tsoron kunna shi da yara a ciki. Daga wata malamar makaranta, Katsina.

AMSA: Malama, tsoronki yana kan hanya. Rashin ƙara ba alamar lalacewa ba ce, domin firjin ɗan'uwan mai kananzir ne da ake ajiye allurar rigakafi a asibitocin karkara a da: ba shi da kwamfiresa, ɗan harshen wuta ne ke dafa ruwan ammoniya a bututun da ke bayansa, ya zagaya ya haifar da sanyi. Yana bukatar motar ta tsaya daidai ba a karkace ba, yana ɗaukar awanni kafin ya yi sanyi, kuma yana kasawa idan zafin waje ya yi tsanani, musamman idan ƙura ta toshe ramukan iskar da ke bayansa. Idan kun ji wari mai hawa kai ko kun ga garin rawaya a jikin bututun, ya yoye, kuma ba a yi masa ƙari kamar firjin gida. A fitar da shi.

Gas ɗin shi ne abin lura. A canza tiyon roba duka, a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa a ga ko zai yi kumfa, kuma kada a taɓa gwadawa da ashana. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa, shi ya sa akwatin tukunyar yake da rami a gindinsa, wanda bai kamata a toshe shi don gudun ƙura ba. A duba ɗan allon da ke jikin murhu da firjin: tsofaffin motocin Jamus da yawa an yi su ne don kan tukunya mai matsin milibar 50, alhali wanda muke amfani da shi a gida yana wajen 30, kuma dole ne kan ya dace da abin da aka rubuta. Harshen wuta ya kasance shuɗi. Idan ya yi rawaya yana baƙanta tukunya, to yana fitar da iskar nan mai kisa marar wari, irin wadda ke hallaka masu kwana da janareta a ɗaki. Kada a kwana da murhu a kunne don jin ɗumi, komai sanyin Janairu.

Da ni ne, zan sayi ƙaramin firji mai kwamfiresa na bolt 12, in ɗora farantin sola mai wat 200 a rufi, in ware masa batir nasa dabam da na tayar da mota, da fiyus kusa da kan batirin. Batir na ruwa mai amfiya 100 rabinsa kawai ake ci idan ana so ya daɗe, wato kimanin wat 600 na awa ɗaya, kuma hakan yakan raka ƙaramin firji da fitilu da cajin waya har gari ya waye.

TAMBAYA: Na ga wata mota mai ɗaki a Maraɗi, sitiyarinta a dama, tayoyinta kamar sababbi duk da ta daɗe a ajiye. In saya? Daga wani matashi, Katsina.

AMSA: Samari, ka dakata. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma doka ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba, juya shi kuma a motar da aka gina wa ɗaki aiki ne mai tsada wanda ba kasafai yake fita daidai ba. Ban da haka, gwamnati ta sanar da hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu daga Janairun 2017, don haka ka je ofishin kwastan ka ji matsayin doka a yau kafin ka ba da ko sisi, kada ka dogara da maganar dillali a Jibiya.

Zanen taya ba ya nuna shekarunta. Ka duba gefenta inda aka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2315 na nufin mako na 23 a 2015. Idan lambobin uku ne, an yi ta kafin 2000, kuma ba ta da wani amfani a kan titi. Tayar da ta daɗe a tsaye a rana takan tsattsage a gefe da tsakanin zane, ta fashe idan ta ɗauki zafin kwalta. Mota mai ɗaki kullum a loda take ko babu fasinja, don haka tayar da ta dace da ita ita ce mai harafin C bayan lambar girmanta, irin 185 R14 C, wadda aka yi don ɗaukar kaya, kuma a auna iskarta da safe kafin a hau titi.